Reshen Ƙungiyar Ƙwararru a Mawuyacin Hali: Shin a Jingine Batun Damawa da Kowa?

Tambaya: Ni ce sakatariyar wani reshe na ƙungiyar ƙwararru a fannin aikinmu. Wani bala'i ya hana mu taruwa ido da ido, wasu mambobi sun rasa aiki, kuma kuɗin da ke shiga asusun reshe ya ragu ƙwarai. Wasu daga cikin kwamitin zartarwa suna ganin a jingine shirye-shiryen da muke yi domin mata, matasa, masu buƙata ta musamman da tsirarun mambobi har sai ƙura ta lafa, a mai da hankali kan riƙe mambobin da muke da su. Shin wannan shawara daidai ce? Idan ba daidai ba ce, ta ina za mu fara?

Amsa: Malama, ban goyi bayan a jingine ba, duk da cewa na fahimci abin da ke damun abokan aikinki, domin reshe ba shi da ma'aikata masu albashi, kuma kowane ɗan kwamiti yana fama da nasa kason na bala'in a gidansa da wurin aikinsa. Kuskuren shawarar tasu shi ne ta ɗauki riƙe mambobi da damawa da kowa a matsayin ayyuka biyu da ke takarar kuɗi da lokaci. Mutanen da aka kafa waɗannan shirye-shirye dominsu su ne waɗanda suke fara ɓacewa daga reshe idan hali ya tsananta, saboda haka duk kwamitin da ya rufe shirye-shiryen da sunan riƙe mambobi zai riƙe waɗanda dama babu inda za su je, ya rasa waɗanda suke bakin ƙofa.

Akwai hujja a kan haka daga annobar korona, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana a matsayin annobar da ta game duniya a ranar 11 ga Maris 2020. A rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a Janairun 2021, ta ƙiyasta cewa an yi asarar kashi 8.8 cikin ɗari na sa'o'in aiki a faɗin duniya a shekarar 2020, wanda ya yi daidai da cikakkun guraben aiki miliyan 255. Abin da ya shafi tambayarki shi ne yadda asarar ta rabu. Aikin yi ya ragu da kashi 5 cikin ɗari a tsakanin mata, da kashi 3.9 a tsakanin maza, sannan ya ragu da kashi 8.7 a tsakanin matasa, da kashi 3.7 a tsakanin manya. Reshenku ɗan ƙaramin yanki ne na duniyar ma'aikata, don haka babu dalilin tsammanin cewa bala'in da kuke ciki ya bi mambobinku da ma'auni ɗaya. Sabon ɗauka da yake kan kwantiragi na wucin gadi, da uwar da aka rufe makarantar 'ya'yanta, da wanda yake zaune nesa da danginsa a ƙasar da ba tasa ba, kowannensu yana ɗauke da nauyin da babban jami'i mai kujera a kwamiti ba lallai ne ya hango ba.

Ƙungiyar ƙwararru tana da wata dama da hukuma ba ta da ita, wato ta san mutanenta da sunayensu. A Afrilun 2020, lokacin da aka lura cewa likitoci goma na farko da aka bayyana sunayensu cikin waɗanda korona ta kashe a Birtaniya dukkansu 'yan tsirarun ƙabilu ne, kamar baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya, shugaban majalisar Ƙungiyar Likitocin Birtaniya, Dakta Chaand Nagpaul, ya fito ya nemi gwamnati ta yi bincike. Bayan haka hukumar kula da asibitocin gwamnati a Ingila ta umarci a riƙa auna haɗarin da ma'aikata daga waɗannan ƙabilu suke fuskanta, kuma rahoton hukumar lafiyar al'umma na watan Yuni ya tabbatar da cewa cutar ta fi yi wa wasu rukunai illa. Wanda ya kawar da kai daga bambancin mambobinsa ba zai taɓa ganin irin wannan salo ba, ko da jerin sunayen yana gabansa.

Saboda haka aikin farko yana kan teburinki ne, kuma ba ya buƙatar kuɗi. Ki ɗauko rajistar halartar tarukan shekarar da ta gabaci bala'in, ki ajiye ta gefe da gefe da rajistar tarukan da kuka yi ta intanet ko ta waya tun da aka shiga wannan hali, sannan ki ja layi ƙarƙashin kowane suna da ya bayyana a ta farko amma babu shi a ta biyu. Ki haɗa da waɗanda suka daina biyan kuɗin ƙungiya, da waɗanda suka yi shiru a zauren sada zumunta na reshe alhali da suna magana. Idan jerin ya kammala, ki dube shi da idon basira, ki ga mata nawa ne a ciki, sabbin shiga nawa, masu ritaya nawa, da waɗanda suke aiki a wurare masu nisa nawa. Wannan takarda za ta fi kowace muhawara tasiri a gaban kwamiti. Ina ba ki shawara kada ki dogara ga takardar jin ra'ayi da ake turawa a cike, domin waɗanda suke cike ta su ne masu sukuni da intanet da nutsuwa, kuma sakamakonta kan nuna cewa komai lafiya, alhali waɗanda abin ya fi shafa ba su ma buɗe saƙon ba.

Bayan jeri sai kiran waya, kuma a nan nake so in ɗan tsaya, domin shi ne ginshiƙin aikin baki ɗaya. A watan Yulin 1995 tsananin zafi ya kashe mutane fiye da 700 a birnin Shikago na Amurka cikin kimanin mako guda. Masanin zamantakewa Eric Klinenberg, wanda ya bi diddigin mace-macen, ya nuna cewa da yawa daga cikin mamatan tsofaffi ne da suke zaune su kaɗai babu mai leƙa su, kuma unguwanni biyu maƙwabta masu kama da juna a talauci sun bambanta sosai a yawan mamata, saboda a ɗayar mutane suna fita suna cuɗanya, a ɗayar kuwa kowa ya kulle kansa a ɗaki. Darasin da reshe zai ɗauka shi ne wanda ya fi buƙatar taimako ba kasafai yake neman sa ba, musamman ƙwararre da ya saba shi ake nema. Likita ko injiniya ko lauya da ya rasa aiki zai gwammace ya yi shiru da ya rubuta wa sakatariyar reshe cewa ba shi da hali.

A raba sunayen tsakanin 'yan kwamiti da wasu amintattun mambobi, kowa ya ɗauki adadin da zai iya, kuma a yi ƙoƙari mai kira ya zama wanda wancan zai iya sakin jiki da shi, ta fuskar shekaru ko jinsi ko harshe. Kada shugaban mutum a wurin aiki ya zama shi ne mai kiransa. Kiran ya fara da gaisuwa da bayanin cewa reshe ne yake tambayar lafiyarsa, sannan a tambaye shi yadda aiki yake, da abin da ya hana shi shiga taro, da ko akwai abin da reshe zai iya yi masa. Kada a ambaci bashin kuɗin ƙungiya ko da wasa, domin da zarar an ambata shi kiran ya koma na karɓar bashi, kuma ba za a sake ɗaukar wayar ba. Abin da mai kira zai kawo wa kwamiti shi ne nau'in matsalar ba tare da suna ba, sai fa idan mutumin ya yarda a ambace shi. Wajibi ne kuma a gaya wa masu kira iyakarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a Maris 2022 cewa ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kimanin kashi 25 cikin ɗari a duniya a shekarar farko ta annobar korona, don haka za su ci karo da mutanen da suke cikin ƙunci na gaske. Aikinsu su saurara, su kuma san lambar likita ko cibiyar da za su tura mutum gare ta, kada su mai da kansu masu magani.

Game da tarukan intanet, suna da alheri da ya kamata a faɗa. Mutumin da keken guragu ya hana shi hawa benen da kuke taro, da mai shayarwa, da wanda tafiya ta yi wa nisa, duk sun samu ƙofar da ba su da ita a da. Kamfanin Zoom, mai manhajar taron bidiyo ta intanet, ya ce masu shiga tarukansa a kullum sun tashi daga kimanin miliyan 10 a Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. Amma Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa mutane kimanin biliyan 2.9 ba sa amfani da intanet ko kaɗan, kuma tsakanin wanda ba shi da ita da wanda yake da mai ƙarfi akwai ɗimbin mutane da layinsu ke yankewa ko kuɗin data ke yi musu nauyi. Don haka kada a tilasta kunna kyamara, a bar hanyar shiga da murya kawai, a kunna rubutun da ke bin magana domin masu matsalar ji, a kuma tura taƙaitaccen bayanin taro a rubuce ga kowa cikin kwana ɗaya ko biyu. A riƙa sauya lokacin taro, domin sa'ar da ta dace da shugaba tana iya zama sa'ar da mai aikin dare yake barci ko mai yara yake hidimarsu. Mai jagorantar taro kuma ya sani cewa a allo masu ƙarfin murya sun fi mamaye magana fiye da yadda suke yi a zaure, saboda haka ya riƙa karanta abin da aka rubuta a gefen allo da babbar murya, ya kuma fara ba ƙananan mambobi dama kafin manya su yanke magana.

Akwai abu ɗaya da taron intanet yake kashewa wanda mutane ba sa lura da shi, wato hirar bakin ƙofa bayan an tashi. A nan ne sabon mamba yake gaisawa da wanda ya daɗe a fagen, a nan yake jin labarin gurbin aiki kafin a tallata shi. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna tun a 1973 cewa mutane sun fi samun labarin aiki daga sanayya ta nesa fiye da aminai na kusa, domin aminanka abin da ka sani shi suka sani. Tsofaffin mambobi suna da lambobin juna, za su ci gaba da hulɗa ko reshe ya rufe. Wanda ya shigo bara, ko wanda babu kowa nasa a wannan sana'a, reshe ne kaɗai gadarsa. Saboda haka dole a gina wannan hira da gangan, ta hanyar raba mahalarta zuwa ƙananan rukunai na mutum huɗu ko biyar a ƙarshen kowane taro, da haɗa kowane sabon mamba da wani gogagge da zai riƙa kiransa sau ɗaya a wata. A cakuɗa rukunan da kyau, kada a bar kowa ya zaɓi abokansa.

Batun kuɗi shi ne inda za ki fi shan gardama. Ra'ayina shi ne kada a cire sunan kowa daga rajista saboda bashi muddin ana cikin wannan hali. Mamban da aka yafe wa kuɗin shekara ɗaya yana iya biyan na shekaru ashirin nan gaba, wanda aka kora kuwa da wuya ya dawo. Wannan ba baƙon abu ba ne a manyan ƙungiyoyi. Ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE, wadda aka kafa a 1963, tana da tsarin rage rabin kuɗin shekara ga mambobin da suka rasa aiki ko suka yi ritaya ko kuɗin shigarsu ya yi ƙasa. Ki duba ko uwar ƙungiyarku tana da irin wannan tanadi, domin sau da yawa yana nan a rubuce amma rassa ba sa sanar da shi. Idan za ku kafa asusun agaji, a rubuta sharuɗɗansa kafin a karɓi buƙata ta farko, a ɗora shi a hannun mutum uku waɗanda ba abokan juna ba ne na kut da kut, a sauƙaƙa neman ta yadda layi biyu za su isa, kuma ma'aji ya riƙa bayyana jimillar abin da aka karɓa da abin da aka raba ba tare da sunaye ba. Asusun da ba shi da rubutattun sharuɗɗa yana ƙarewa ne a hannun waɗanda suka san wanda za su kira.

Sai kuma wurin da ake yanke shawara. Bala'i yana tattara iko a hannun mutane kaɗan, domin ana buƙatar gaggawa, kuma shugaba yakan kira mutum biyu ko uku da ya saba da su su yanke komai. Wannan yana faruwa ba tare da mugun nufi ba, amma sakamakonsa shi ne muryoyin da aka sha wahala kafin a shigo da su kwamiti su ne suke fara fita daga ɗakin. Idan za a kafa kwamitin gaggawa, a rubuta ikonsa da ranar da zai ƙare, a tabbatar akwai mace da matashi da wakilin waɗanda abin ya fi shafa a cikinsa da cikakkiyar ƙuri'a. Ki kuma karanta kundin tsarin mulkinku ki ga ko ya halatta babban taro da zaɓe ta intanet. Ƙungiyoyi da yawa sun tarar nasu bai halatta ba, har ta kai majalisar dokokin Birtaniya ta yi doka a Yunin 2020 wadda ta ba kamfanoni da wasu ƙungiyoyi izinin wucin gadi na yin babban taronsu daga nesa. Idan kundinku bai tanadi haka ba, ku nemi izini a rubuce daga uwar ƙungiya, domin ɗage zaɓe ba tare da wa'adi ba yana zubar da amana da sauri.

Ba ki faɗi irin bala'in da kuke ciki ba, don haka bari in taɓo yanayin da ya fi wuya, wato idan rikicin kansa ya shafi launin fata ko addini ko ƙabila ko siyasa, kuma mambobinku suna ɓangarori daban-daban. Bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da wani ɗan sanda ya kashe a birnin Minneapolis na Amurka ranar 25 ga Mayun 2020, ƙungiyoyin ƙwararru da dama sun fitar da sanarwar nuna alhini da goyon baya. A ganina, sanarwar da ta yi amfani ita ce wadda aka haɗa da alƙawari mai wa'adi da kasafi da sunan ofishin da zai aiwatar, sauran kuwa mambobin da abin ya shafa sun karanta sun wuce. Idan za ku yi magana, ku tuntuɓi waɗanda rikicin ya taɓa kafin a rubuta, amma kada ku ɗora musu aikin rubutawa da shirya taro da koyar da sauran mambobi alhali su ne suke cikin jimami. Ku tsaya kan abin da sana'arku ta ba ku ikon magana a kai, kamar tsaron mambobi a bakin aiki da adalci wajen ɗauka da kora. A zauren sada zumunta kuma a kafa ƙa'ida a rubuce game da tura jita-jita da kalaman ɓatanci, a yi aiki da ita a kan babba da ƙarami daidai wa daida, domin ranar da aka kawar da kai ga babba, tsiraru za su fice ba tare da sallama ba.

Tarihi ya nuna tsawon lokacin da irin wannan ficewa take ɗauka kafin ta gyaru. Likitoci baƙaƙen fata a Amurka sun kafa tasu ƙungiyar a 1895, saboda rassan jihohi da na ƙananan yankuna da dama sun ƙi karɓarsu, kuma shiga babbar Ƙungiyar Likitocin Amurka tana bi ne ta waɗannan rassa. Sai a 2008 babbar ƙungiyar ta nemi afuwa a hukumance. Abin lura a nan shi ne a matakin reshe aka rufe ƙofar, wato a daidai matakin da kike zaune.

Abokan aikinki suna da gaskiya a wuri ɗaya, cewa ba za ku iya yin komai ba, kuma 'yan kwamitin da suka gaji ba za su amfani kowa ba. Akwai abubuwan da za a iya ajiyewa ba tare da asara ba, kamar liyafar shekara, bikin ba da lambobin yabo, buga mujalla a takarda da hayar babban zaure. Shirye-shiryen da kika ambata ma ana iya rage girmansu, taron yini guda ya koma hira ta sa'a ɗaya. Abin da ba za a taɓa ba shi ne kujerar wakilansu a kwamiti, da layinsu a kasafi ko da ya ƙanƙance, da zamansu na wata-wata, domin a irin wannan zama ne mace za ta faɗi abin da ba za ta faɗa a babban taro ba, kuma daga nan ne kwamiti zai ji shi.

A taron kwamiti na gaba, ki je da jerin waɗanda suka yi shiru, da ƙudurori uku a rubuce: a kira kowa da ke cikin jerin kafin ƙarshen wata, a dakatar da cire suna saboda bashi har zuwa ranar da za a ambata, a kuma sa wa kwamitin gaggawa wa'adi da wakilci. Ki nemi a sake kwatanta rajistar bayan wata uku domin a ga waɗanda suka dawo da waɗanda ba su dawo ba. Idan kuma lokacin komawa zaure ya yi, ki sa a rubuta a cikin ƙa'idojin reshe cewa za a ci gaba da barin hanyar shiga taro daga nesa, tare da mutum ɗaya a zauren da aikinsa shi ne isar da tambayoyin waɗanda suke kan layi da ƙirga ƙuri'unsu.